Wata goma sha huɗu da P365 a ƙugu

Sana'ata a birnin Houston na jihar Texas ita ce sayen motoci a wuraren gwanjo da kuma hannun ɗaiɗaikun mutane, in gyara wadda take buƙatar gyara, sannan in loda su a jirgin ruwa zuwa Kwatano ko Legas. Aiki ne da yake kai mutum unguwannin da bai sani ba, ya haɗa shi da mutanen da bai taɓa gani ba sai dai muryarsu a waya, kuma sau da yawa da kuɗi a jikinsa, domin akwai masu sayar da mota da ba su san wani ciniki ba sai na tsaba, hannu da hannu. Wannan ne ya sa na nemi lasisin yawo da bindiga. Yau wata goma sha huɗu ke nan ina ɗaure da ƙaramar bindiga ƙirar SIG Sauer P365 a ƙuguna kusan kullum, kuma ina ganin lokaci ya yi da zan faɗi abin da na gani a cikinta, tun da 'yan uwa da dama da ke zaune a nan sukan tambaye ni wadda ya kamata su saya.

Mai karatu da ke gida ya sani tun farko cewa wannan magana ta Amurka ce, ta Texas ma takamaimai. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sanya fistol da libarba a cikin jerin makaman da aka haramta, sai da lasisin Shugaban Ƙasa, don haka babu abin da ke cikin rubutun nan da zai yi aiki a Kano ko Kaduna. A nan kuwa gyara na biyu da aka yi wa tsarin mulki a 1791 shi ne tushen haƙƙin mallakar makami, Kotun Ƙoli ta tabbatar da shi a shari'ar Heller ta 2008, sannan a shari'ar Bruen ta 2022 ta ce haƙƙin ya haɗa da fita da makamin waje. Texas ta fara ba da lasisin ɓoye bindiga a jiki da dokar da George W. Bush ya sanya wa hannu a 1995 lokacin yana gwamna, kuma daga 1 ga Satumba 2021 wanda ya kai shekara 21, matuƙar doka ba ta hana shi mallakar makami ba, yana iya yawo da ita ko da babu lasisi. Duk da haka ina ba kowa shawara ya nemi lasisin. Kuɗinsa dala 40 ne, ana zaman aji na awa 4 zuwa 6, sannan a yi gwajin harbi da harsashi 50: guda 20 daga nisan yadi 3, guda 20 daga yadi 7, guda 10 daga yadi 15, kuma maki 175 cikin 250 ake nema. Gwajin ba shi da wuya ko kaɗan. Amfanin yana cikin ajin, inda ake zaunar da mutum a karanta masa lokacin da doka ta yarda ya taɓa makaminsa da kuma lokutan da ba ta yarda ba, waɗanda su ne suka fi yawa nesa ba kusa ba.

Bindigar da na fara saya Glock 19 ce, kuma har gobe ba ni da abin da zan zarge ta da shi. Kamfanin na ƙasar Ostiriya ne, ya fito da wannan samfuri a 1988, kuma tun daga lokacin da ita ake auna sauran: harsashi 15 a gidan harsashi, bututu mai tsawon inci 4, nauyi giram 855 idan an cika ta. A filin koyon harbi ba ta taɓa ba ni kunya ba. Abin da ya faru shi ne, bayan kamar wata uku na lura na fara nema wa kaina uzuri. Yau zafi ya yi yawa, gobe tafiyar ba ta da nisa, jibi rigar da na sa ba za ta rufe ta ba. Kafin in farga, bindigar da na saya domin ta bi ni duk inda na sa ƙafa ta zama 'yar zaman ɗaki a cikin akwatin ƙarfe, ni kuma ina can bakin wani gareji ina ƙirga wa baƙo kuɗi. Wanda bai taɓa zaman awa uku a bayan sitiyari a kan hanyar San Antonio da ƙotar bindiga tana tokare masa haƙarƙari ba zai ce raki ne. Daga nan na gane cewa a kanti hannu ne yake zaɓen bindiga, alhali ƙugu ne zai ɗauke ta daga asuba zuwa bayan isha'i, kuma shi ba a taɓa shawartarsa ba.

Kafin 2018 wanda yake son ƙaramar bindiga mai cin harsashin milimita 9 zaɓi biyu gare shi. Ko dai ya ɗauki siririya mai jera harsasai a layi ɗaya, irin Shield ta kamfanin Smith & Wesson da ta fito a 2012 mai cin 7 ko 8, ko Glock 43 ta 2015 mai cin 6 kacal, ko kuma ya ɗauki gajera mai kauri irin Glock 26, wadda take cin 10 amma kaurinta ɗaya da na yayarta Glock 19. A watan Janairun 2018 kamfanin SIG Sauer, wanda yake ƙera ta a jihar New Hampshire, ya fito da P365 da wata dabara a gidan harsashin: daga ƙasa harsasan suna jere layi biyu, suna tsukewa yayin da suke hawa sama, sai ga harsashi 10 sun shiga cikin ƙotar da kaurinta bai wuce kimanin inci 1 ba. Sunan ma daga kwanakin shekara aka ɗauko shi, wato abar ɗauka kowace rana. Sauran kamfanoni ba su yi barci ba. A 2019 Glock ya fito da 43X mai cin 10, kamfanin Springfield ya kawo Hellcat da ake ƙerawa a Kuroshiya mai cin 11, a 2021 kuma Shield Plus ta biyo baya. Na riƙe dukkansu a hannu, na yi hayar uku daga cikinsu na harba, kuma bambancin da ke tsakaninsu bai kai yadda masu gardama a kansu suke zuzutawa ba.

Tsawon P365 inci 5.8 ne, tsayinta daga saman murfi, wato ƙarfen sama da yake ja da baya idan an harba, zuwa gindin ƙota inci 4.3, bututunta inci 3.1, nauyinta kusan giram 500 babu harsashi, wato wajen giram 630 idan an cika ta. A takarda, ragin giram ɗari biyu da 'yan kai tsakaninta da Glock 19 kamar ba wani abu ba ne, amma a ƙarshen yini wando ne yake ba da shaida. Abin da ya fi nauyin muhimmanci kuma shi ne tsayin ƙota. Sabon shiga yakan ɗauka tsawon bututu ne yake tona asirin mai bindiga, alhali bututun yana cikin wando, babu mai ganinsa. Ƙota ce take leƙowa saman bel, ita ce take tura riga ta yi tozo idan mutum ya sunkuya ko iska ta manna masa tufa a jiki. Glock 19 tsayinta inci 5 ne, kuma wannan ɗan abin da ya ɗara rabin inci da ke tsakaninsu shi ne ya raba bindigar da dole sai na sa jaket a kanta da wadda 'yar riga mai gajeren hannu take rufewa ruf.

Sai dai duk abin da ƙugu ya samu, hannu ne yake biya. Ranar da na fara harba ta, harsashi na uku bai fita ba sai da na san na shigo wata duniya daban. Harsashin iri ɗaya ne da wanda Glock 19 take ci, ƙarfin albarushin ɗaya ne, amma ƙarfen da zai shanye dukan ya ragu, don haka ragowar a tafin hannu take sauka. Bakinta yana tsalle sama da sauri, kuma da gidan harsashin da yake daidai da gindin ƙota ɗan ƙaramin yatsana ba shi da wurin zama, yana reto a iska kamar wanda aka bari a tasha. Ba zafi take yi ba, kada a fahimce ni baibai, mace ko dattijo duk suna iya harba ta. Abin da take yi shi ne hukunta kowane ƙaramin kuskure. Tazarar da ke tsakanin idon saiti na gaba da na baya ba ta kai inci 5 ba, a Glock 19 kuwa wajen inci 6 ce, kuma gwargwadon gajartar wannan tazara gwargwadon yadda ɗan karkacewar da ido bai gani ba yake zama babban kuskure a kan allon da ake harbi. Daga yadi 7 harsasaina suna taruwa wuri guda da kowace daga cikin biyun. Daga yadi 15 kuwa, a watannin farko, na P365 sai su bazu ƙasa ta hagu kamar an watsa wa kaji tsaba, abin da duk mai harbi da hannun dama ya sani: yatsa ne yake fizgar kunama, sauran yatsu kuma suna matse ƙota kafin harsashi ya fita.

Sau ɗaya ta taɓa tsaya mini, kuma laifina ne. Wata Asabar na daɗe a filin, hannuna ya gaji, na sassauta wuyan hannu, sai kwanson harsashi ya maƙale a tsaye a bakin murfi maimakon ya fice. Malamin da nake zuwa wurinsa, wani tsohon ɗan sanda da ya yi ritaya, ya zo ya tsaya a bayana bai ce komai ba sai da na ajiye ta bakinta yana fuskantar allo. Sannan ya kama wuyan hannuna ya girgiza shi, ya nuna mini cewa murfin yana buƙatar abin dogara mai ƙarfi kafin ya ja da baya ya tofar da kwanso ya ɗauko sabo, kuma idan hannu ya bi bindigar baya, ƙarfin da zai yi wannan aiki ya tsiyaye. Babbar bindiga takan yafe irin wannan sakaci saboda nauyinta, ƙarama ba ta yafewa. Tun daga ranar ban sake ganin haka ba, da harsashin atisaye mai araha da mai tsada duka. Na kuma koma amfani da gidan harsashi mai cin 12, wanda ya ƙara wa ƙotar ɗan tsawo har ƙaramin yatsan ya sami masauki, kuma wannan canji kaɗai ya gyara harbina fiye da duk wani abin da na saya.

Idanun saitinta na yaba musu. Suna ɗauke da sinadarin tiritiyam mai haske da kansa a cikin duhu, kuma na gaban yana da koren zobe da ido yake kamawa da sauri da rana. Hasken yakan ragu da rabi a cikin kimanin shekara 12, don haka ba abin damuwar yau ba ne. Kunamarta ba ta da daɗin da masu gasar harbi suke so, tana da 'yar tafiya mai laushi kafin ta tsaya ta karye, amma a bindigar da za ta kwana ta wuni a jikin mutum ni ban son kunama mai saurin tashi. Ana sayar da ita iri biyu, mai makullin hana ta tashi, wanda ake buɗewa da babban yatsa, da marar shi. Na ɗauki mai makullin, duk da cewa da yawa daga cikin ƙwararru suna ganin ƙarin aiki ne da mutum zai iya mantawa da shi a lokacin firgici. Hujjarsu tana da ƙarfi, maganinta kuma maimaici ne har yatsa ya riƙa yi da kansa. Ni dai na auna sau nawa zan mayar da bindiga kube a rayuwata da kuma sau nawa zan zaro ta don kare rai, na ga na farkon dubbai ne, na biyun kuma ina roƙon Allah kada ya zo ko sau ɗaya.

Maganar kube ita ce inda na yi asarar kuɗi, kuma ita ce mutane suka fi rainawa. Na farkon da na saya a intanet na yadi ne mai laushi, mai araha, wanda aka ce yana shiga kowace ƙaramar bindiga. Kwana huɗu na yi da shi. A rana ta huɗu na sunkuya ina duba ƙarƙashin wata mota, sai na ji abin ya zame ya karkace, ƙotar ta juya tana kallon ƙasa, na miƙe a hankali gumi yana karyo mini wanda ba na zafin rana ba. Kuben kirki dole ya cika sharuɗɗa uku: ya kasance na roba mai tauri da aka zuba daidai jikin wannan samfuri, ya rufe kunama gaba ɗaya ta yadda ko yatsa ko gefen riga ba za su kai gare ta ba, kuma bakinsa ya tsaya a buɗe bayan an zare bindigar domin a mayar da ita ba tare da ɗaya hannun ya gifta ta gaban bakinta ba. Bayan kube sai bel. Bel ɗin kwalliya na fata mai laushi yana lanƙwashewa, ya bar ƙota ta faɗo waje ta yi tozo a riga. Mai tauri da aka yi domin wannan aiki yana rarraba nauyin a duk zagayen ƙugu, har mutum ya wuni bai ji komai ba. Wanda ya ware dala 500 zuwa 600 na bindiga, ya ƙara wani abu sama da ɗari a kan waɗannan biyun, in ba haka ba tasa ma akwatin ƙarfe za ta koma.

Akwai wani gwaji da ban taɓa jin masu sharhin bindiga na nan sun ambata ba, domin ba ya cikin rayuwarsu, shi ne salla. Da farko a bayan ƙugu ta dama nake ɗaura ta, inda ya fi daɗi a tsaye da tafiya. Amma da zarar na yi ruku'u riga takan ɗame a baya, siffar ƙotar ta fito sarai ga duk wanda ke sahun da ke bayana, a sujada kuma rigar takan zame sama. Na mayar da ita gaba, tsakanin cibiya da ƙashin ƙugu na dama. A nan babu mai gani ko da na sunkuya, sai dai a zaman tahiya bakin kuben yana tokarar cinya. A wannan wuri ne gajartar bututun P365 ta yi mini rana, domin da Glock 19 zaman ba ya yiwuwa sai da gyare-gyaren da ke ɗauke hankali daga ibada, da wannan kuwa ɗaga kuben sama kaɗan ya wadatar. Ɗaurin gaba yana da nasa sharaɗi mai tsauri, tun da bakin bindigar yana kallon jikin mai ita: ba a mayar da ita kube da gaggawa, ba a mayarwa ba tare da an duba da ido ba, kuma idan za a cire, kuben ake cirewa gaba ɗaya da ita a ciki.

Dokar Texas tun 2019 ta fayyace cewa mai lasisi yana iya shiga wurin ibada da makaminsa sai idan masu wurin sun hana. Masallacin da nake zuwa bai kafa alamar hani ba, amma ban ga dacewar in fake da shirun bango ba, sai na sami liman bayan la'asar na ce, “Malam, akwai abin da nake ɗauke da shi saboda yanayin aikina, kuma ban so in riƙa shigowa da shi ba da saninka ba.” Ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce, “Alhaji, in dai da takardarka, to kada wanda ya gani, kada kuma wanda ya ji. Mutane salla suka zo, ba na son a tsorata kowa a sahu.” A kan haka muka tsaya.

Ranar Juma'a kuma wata matsalar ce daban. Kaftani ya fi kowace tufa da na sani iya ɓoye bindiga, ko Glock 19 ce za ta ɓace a ƙarƙashinsa, amma wandonsa na mazagi ne, kuma mazagi ba ya riƙe giram 600. Na gwada sau ɗaya a cikin ɗaki, wandon ya nufi gwiwa. Da Yaya zai aiko mini da ɗinkin salla daga Kano, sai na roƙe shi ya ce wa telan ya yi wa wandunan wuraren zura bel masu faɗi. Ya tambaye ni a waya ko ƙiba na rage har mazagi ya daina kama ni, na ce masa ƙasar ce ta gaji haka. Ko da bel ɗin, kaftani mai kaiwa gwiwa yana jinkirta kai hannu ga ƙugu ƙwarai, kuma wannan abu ne da na karɓa na haƙura da shi.

Zafin Houston mai ɗanshi ne, daga Yuni zuwa Satumba mutum yana fita daga mota riga take jiƙewa, kuma gumi gishiri ne. Duk daren da na dawo ina goge ta da tsumma mai ɗan mai, musamman gidan harsashi da maɓallin sakinsa, inda tsatsa take fara kama kowace bindigar da ke manne da fata. Ƙura da zaren tufa kuma suna taruwa a bayan murfi fiye da yadda mutum zai zata. Kwance ta don wankewa abu ne mai sauƙi, kuma akwai abin da na so a tsarinta: ba sai an ja kunama ba kafin murfin ya fita, saɓanin Glock da dole sai an ja. Wanda ya bi ƙa'ida ya cire gidan harsashi ya duba ciki da ido da yatsa, duka biyun lafiya lau ne a wurinsa, amma na fi samun natsuwa da tsarin da ya rage wa gajiyayyen mutum hanyar kuskure.

Game da harsashi ba zan tsawaita ba, domin gardamar ta mutu. Milimita 9 tsohon harsashi ne, Georg Luger ya tsara shi tun farkon ƙarni na 20. Bayan musayar wutar da aka yi a Miami a ranar 11 ga Afrilu 1986, inda jami'an FBI biyu suka rasu biyar suka ji rauni, hukumar ta juya masa baya ta koma ga manyan harsasai, ta kuma kafa ma'aunin gwaji na nutsewar inci 12 zuwa 18 a cikin wani daskararren abu mai kama da tsoka. Bayan kusan shekara 30 ta dawo gare shi, saboda ƙirar harsasan ta inganta kuma jami'ai sun fi samun abin da suka saita da shi. Ina atisaye da mai dunƙulallen kai saboda araha, ina ɗaura mai rami a ka mai nauyin giram 8, wanda yake buɗewa ya tsaya maimakon ya ratsa ya sami wanda ba ruwansa. Kowane iri mutum ya zaɓa, ya harba isasshe daga cikinsa a bindigarsa ya tabbatar tana cinsa lami lafiya, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Ƙanƙantarta tana da wani haɗari da ba a faɗa a kanti: tana kama da abin wasa, kuma hannun yaro yana iya riƙe ta. Ranar da na shigo da ita gida uwargida ta dube ta a tafin hannuna ta ce, “Maigida, wannan ai ta fi waccan ba ni tsoro.” Gaskiya ta faɗa. A 2021 mutum 48,830 ne suka mutu ta hanyar bindiga a Amurka, kuma 26,328 daga cikinsu, fiye da rabi ke nan, su ne suka kashe kansu. Wato bindigar da ke cikin gida ba ɓarawo kaɗai take jira ba. Dokar Texas ma ta mayar da shi laifi a bar bindiga mai harsashi inda yaron da bai kai shekara 17 ba zai kai gare ta. Sharaɗin da muka yi da ita guda ɗaya ne, kuma ban taɓa karya shi ba: wuri biyu kawai bindigar take da shi a duniya, jikina ko ƙaramin akwatin ƙarfe mai lambobin sirri da na ɗaure da kusoshi a cikin kabad. Ba ta hawa tebur ko na minti ɗaya, ba ta kwana a ƙarƙashin matashi, ba ta zama a aljihun mota. Idan na shigo, kafin in amsa oyoyon yara sai na wuce ɗaki.

Sauƙin ɗaukarta kuma yana iya sa mutum ya manta tana jikinsa, ya doshi inda doka ta hana: makaranta, kotu, rumfar zaɓe, sashen filin jirgin sama da ke bayan wurin bincike, da duk wurin da aka kafa jar alamar 51%, wato mashayar da mafi yawan cinikinta na giya ne. Masu kantuna suna da ikon hanawa da alamun da ke ɗauke da lambobin 30.05, 30.06 da 30.07, kuma idona ya saba da duba gefen ƙofa kafin in tura ta. Lasisin Texas ba ya aiki a New York ko New Jersey ko California, don haka idan cinikin mota ya kai ni can, a gida nake barinta. Sai kuma abin da baƙar fata ba zai yi wasa da shi ba. A Yulin 2016 a jihar Minnesota wani ɗan sanda ya harbe Philando Castile a cikin motarsa, mutumin da yake da lasisi kuma shi da bakinsa ya sanar cewa yana ɗauke da makami. Sau biyu aka tsayar da ni a cikin watannin nan. Na kashe mota, na sauke gilashi, na ɗora hannuwa biyu a kan sitiyari, na faɗi cewa ina da lasisi da kuma inda bindigar take, ban motsa ba sai da aka ce in motsa. Takarduna ma a saman gilashi nake ajiye su yanzu, domin kada hannuna ya taɓa gangarawa wajen ƙugu da sunan ɗauko walat.

Idan ɗan uwa ya tambaye ni ko ya sayi P365, nakan fara tambayarsa ko ya taɓa harbi. Wanda bai taɓa ba, ban so ta zama malamarsa ta farko, domin dukanta yana koya wa sabon hannu zabura kafin harsashi ya fita, ɗabi'ar da take da wuyar kankarewa. Ya fara da babba, ko ta haya ce, har hannunsa ya zauna. Wanda kuma don tsaron gida kawai yake nema, ba shi da dalilin sayen wahalar ƙaramar ƙota, Glock 19 ko makamanciyarta ta fi masa. Amma wanda ya riga ya iya, wanda yake wuni a mota da zafin Texas cikin 'yar riga, kuma ya yarda zai riƙa zuwa filin harbi aƙalla sau ɗaya a wata yana kuma maimaita zarowa da saiti a gida da bindigar da ya tabbatar babu komai a cikinta, to wannan ta dace da shi. A wata goma sha huɗu, kwanakin da na bar ta a gida ba su wuce waɗanda doka ko tafiya suka tilasta ba, kuma ban taɓa kai hannu gare ta a waje ba, alhamdu lillahi. Sau biyu ciniki ya fara ɗaukar zafi, duka biyun na ja bakina na shiga mota na bar wurin da kuɗina.

Abu ɗaya ya rage da nake son gwadawa. A wannan samfuri, ɓangaren da doka ta ɗauka a matsayin bindiga shi ne ƙaramin injin ƙarfen da ke ciki mai ɗauke da lamba, ƙotar roba kuwa ana iya zare ta a sauya. Kamfanin yana da wata mai ɗan tsawo, irin ta P365XL da ta fito a 2019, wadda gidan harsashi mai cin 12 yake shigewa cikinta daidai. Na yi odarta makon jiya. Idan ta iso zan kai ta yadi 15 in ga abin da allo zai ce, sannan in sa ta a ƙarƙashin farar rigar da ta fi kowace tona asiri, in yi ruku'u a gaban madubi uwargida tana duba ta baya.